Yawon Neman Fatalwa a Tsofaffin Gine-ginen Tarihi

A tsofaffin biranen Birtaniya da Amurka akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ba ya kankama sai rana ta faɗi. Baƙi sukan taru a ƙofar wani tsohon coci ko a bakin lungu, kowa ya biya kuɗinsa, sai ɗan jagora ya fito riƙe da fitila, galibi sanye da baƙar alkyabba da doguwar hula irin ta mutanen da. Yakan ja su saƙo-saƙo yana nuna musu inda aka rataye wane, da gidan da annoba ta cinye mutanensa, da tagar da aka ce wata mata da ta mutu shekaru aru-aru tana leƙowa. Wannan shi ne yawon fatalwa. Akwai kuma wanda ya fi shi zurfi, wato farautar fatalwa, inda mutane ke karɓar hayar tsohon gidan sarauta ko kurkuku ko asibitin da aka daina amfani da shi, a rufe su ciki da na'urorinsu, su kwana ido biyu suna neman shaidar cewa matattu na kai-komo a wurin.

Tushen abin wani tsohon camfi ne na Turai, cewa wanda aka kashe da zalunci, ko ya mutu farat ɗaya bai gama da duniya ba, kurwarsa ba ta barin inda abin ya faru. Wannan ya saɓa wa abin da aka sani a ƙasar Hausa, inda kufai da kango da gindin kuka ake ɗaukarsu matattarar aljanu, ana kauce musu da tsakar rana da magariba, kuma koyarwar Musulunci ita ce ran mamaci yana barzahu, ba ya dawowa yawo a doron ƙasa. A can kuwa wurin da ake tsoro shi ake sayen tikiti a shiga. Da yawa daga masu zuwa ma ba su yarda da fatalwa ba. Abin da ke kai su shi ne daɗin tashin tsikar jiki cikin jama'a, da son jin tarihi ta bakin wanda ya iya ba da labari.

Labarin fatalwa ya daɗe, amma neman ta da hujja da kayan aiki ɗan ƙarni na 19 ne. A 1848, a ƙauyen Hydesville da ke jihar New York, wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox, Margaret da Kate, suka ce wani mamaci na yi musu magana ta hanyar ƙwanƙwasa bango. Kafin a ankara maganar ta zama aƙida mai mabiya a Amurka da Turai, ana taruwa a ɗaki mai duhu ana kiran matattu. Shekara 40 bayan haka, a 1888, Margaret ta tsaya gaban jama'a ta ce ita da 'yar'uwarta ne ke fitar da sautin ta hanyar ƙyasta gaɓoɓin yatsun ƙafarsu. Ta janye maganar daga baya, amma ko kafin ta janye, aƙidar ta riga ta yi jijiyar da tonon asirin bai girgiza ta ba. A daidai wannan zamani wani mai ɗaukar hoto, William Mumler, ya yi suna da hotunan da ake ganin inuwar mamaci tsaye bayan mai rai. An gurfanar da shi a kotu a 1869 bisa zargin damfara, aka sallame shi don rashin cikakkiyar hujja, duk da cewa masana hoto sun nuna yadda ake ɗora hoto kan hoto a faranti ɗaya a sami irin wannan inuwa.

A Landan aka kafa ƙungiyar Ghost Club a 1862, sannan Society for Psychical Research a 1882, wadda ta tara malaman jami'a masu son auna irin waɗannan labarai da ma'aunin ilimi. Amma wanda ya shimfiɗa tsarin farautar fatalwa kamar yadda ake yin ta yau shi ne Harry Price. A 1937 ya karɓi hayar gidan limamin cocin Borley da ke yankin Essex na shekara guda, ya ba da talla a jarida yana neman masu sa ido, ya ɗauki mutum 48, ya ba kowa ɗan littafin ƙa'idoji: a zagaye kaya da alli don a gane in sun motsa, a auna sanyin ɗaki, a rubuta lokacin kowane motsi. Ya laƙaba wa gidan kirarin gidan da ya fi kowanne fatalwa a Ingila. Gobara ta cinye shi a 1939, aka rushe abin da ya saura a 1944. A 1956, bayan mutuwar Price, mambobi uku na Society for Psychical Research suka fitar da rahoto mai cewa shaidun Borley ba abin dogaro ba ne, har suka zarge shi da haɗa wasu da hannunsa. Duk da haka har gobe masu neman fatalwa na zuwa ƙauyen da dare, abin da ya daɗe yana damun mazaunansa. Talabijin ce ta ƙarasa yaɗa sana'ar: shirin Most Haunted ya fara a Birtaniya a 2002, Ghost Hunters kuma a Amurka a 2004, wanda jagororinsa biyu masu gyaran famfo ne da rana. Daga nan ƙungiyoyin sa-kai suka yi ta tsirowa gari-gari.

Cikin wuraren da ake ziyarta, Hasumiyar Landan ce kan gaba a suna. Sarki William ne ya fara gina ta wajen 1078, ta yi zaman fada, ta yi zaman kurkuku da ma'ajiyar makamai. A harabarta hauni ya sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu, ranar 19 ga Mayu 1536, aka binne ta a ɗan cocin da ke cikin ganuwar. A nan ne kuma aka yi wa wasu 'ya'yan sarki biyu ganin ƙarshe a 1483, Edward na Biyar da ƙanensa Richard, kuma a 1674 ma'aikata suka tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala. Ba abin mamaki ba ne a ce wuri mai irin wannan tarihi ya tara labaran sarauniya mai yawo ba kai da yara biyu riƙe da hannun juna. Kisan sarauniyar yana rubuce a kundi. Fatalwar kuwa baki ne kawai ke ɗauke da ita.

Edinburgh, babban birnin Sikotland, ita ce ta fi kowa mayar da abin kasuwanci, kuma ginin garin ne ya taimake ta. Tsohon birnin yana kan tudu ne, a matse, gidaje sun yi hawa-hawa, tsakaninsu lunguna ƙanana masu gangara. A 1753 aka fara gina babban zauren 'yan kasuwa a kan wasu daga cikin lungunan: aka datse saman gidajen, aka mayar da ƙasansu harsashi. Ta haka lungun Mary King ya koma ƙarƙashin ƙasa da ɗakunansa da ƙofofinsa, kuma tun 2003 a buɗe yake ga baƙi. An daɗe ana yaɗa cewa lokacin annobar 1645 hukuma ta toshe lungun da masu cutar a ciki, aka bar su suka mutu. Ba haka aka yi ba. Gidan da cutar ta shiga yakan rataye farin ƙyalle a taga, a killace shi, a riƙa kai wa mutanensa abinci, kuma an ci gaba da zama a lungun fiye da shekara 100 bayan annobar. A wani ɗan ɗaki can ƙasa akwai tarin 'yan tsana da kayan wasa da baƙi ke ajiyewa. Asalinsu wata 'yar Japan ce mai da'awar gani-har-hanji da ta ziyarci wurin a farkon shekarun 1990, ta ce ta ji kukan wata yarinya mai suna Annie da ta rasa 'yar tsanarta. Babu takardar da ta nuna an taɓa yin yarinyar, amma tarin sai ƙaruwa yake yi.

Kusa da nan akwai ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge, wadda aka gama a 1788 a kan baka 19. Da farko masu sana'a ne suka mayar da su rumbuna da wuraren aiki, ruwa ya fara yoyo suka tashi, matalautan da ba su da wurin kwana suka maye gurbinsu cikin duhu da ɗanshi, ba taga ba iska. Daga baya aka cike su da ɓaraguzai, sai a shekarun 1980 aka sake buɗe su. Maƙabartar Greyfriars kuma tana da nata tarihin mai nauyi: a 1679 an tsare fursunonin rikicin addini sama da 1,000 a wani fili da ke jikinta, a sarari, ba rufi, da yawa suka mutu. Lauyan gwamnatin da ya matsa musu, George Mackenzie, a wannan maƙabartar aka binne shi a 1691, kuma ƙabarinsa ne yanzu cibiyar labaran suma da yakushi da 'yan jagora ke bayarwa.

Labarin da aka fi maimaitawa a York ya faru ne a 1953. Wani matashi mai koyon aikin famfo, Harry Martindale, yana kan tsani a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon gida da ke jikin babban cocin garin, yana huda bango don shigar da bututu. Ya ce ya ji busar ƙaho, sai ga doki da mahayinsa sun fito daga cikin bango, bayansu sojojin Rumawa a jere, a gajiye, duk ƙura, kuma daga gwiwa zuwa sama kawai ake ganinsu. Abin da ya ba labarin ƙarfi shi ne lalle akwai tsohuwar hanyar Rumawa binne a ƙarƙashin daɓen ɗakin, domin su suka kafa garin a shekara ta 71 Miladiyya. Shaidar dai ta mutum ɗaya ce, ba wanda ya gani tare da shi. Waɗanda suka san shi sun yi masa shaidar natsuwa, daga baya ma aikin ɗan sanda ya yi, kuma bai taɓa sauya maganarsa ba.

A Amurka filayen yaƙi da gidajen yari ne suka fi jan jama'a. A Gettysburg, cikin kwana uku na farkon Yulin 1863, kimanin sojoji 50,000 ne aka kashe ko aka raunata ko aka kama ko suka ɓace a yaƙin basasa, kuma tun shekarun 1990 yawon fatalwa ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in garin. A Philadelphia akwai kurkukun Eastern State da aka buɗe a 1829 bisa tsarin keɓe kowane fursuna shi kaɗai, ba magana, har akan rufe masa kai da ƙyalle in za a fitar da shi. Marubuci Charles Dickens ya ziyarce shi a 1842 ya yi tir da tsarin. An rufe kurkukun a 1971, kuma bikin ban tsoro da aka fara yi a cikinsa a 1991 ya zama babbar hanyar samun kuɗin gyaransa. Wannan ɓangare ne da bai kamata a raina ba: gine-gine da dama da sun zube da tuni, kuɗin masu neman fatalwa ne ke riƙe da rufinsu.

Daren farauta yana da tsarinsa. Akan raba mutane rukuni-rukuni, a kashe fitilu, a zauna da'ira a ƙasa. Sai jagora ya ɗaga murya: ko akwai kowa a nan? A yi tsit na ɗan lokaci, rikoda na ɗauka. Ya sake cewa: in kana jinmu ka ƙwanƙwasa sau biyu. A tsakiyar da'irar akwai wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu da jerin ƙananan fitilu, daga kore zuwa ja. Da zarar ta ƙyafta sai numfashi ya ɗauke. Wani na riƙe da ma'aunin zafi yana neman inda sanyi ya taru, wani kuma da rediyon da aka gyara yana tsallake tashoshi da sauri, ana kasa kunne ko za a tsinci kalma cikin shuu ɗin. Da asuba a koma gida a yi ta sauraren abin da aka naɗa.

Matsalar ita ce babu ɗaya cikin waɗannan kaya da aka ƙera don gano fatalwa, kuma babu wanda ya taɓa nuna cewa fatalwa na da wata sifa da za a auna. Na'urar mai fitilu ta auna maganaɗisun lantarki ce, tsohuwar waya a cikin bango ko wayar hannu a aljihun wani ta isa ta motsa ta. Rediyon guntayen muryoyin tashoshi yake kamowa. Ɗigon farin haske da ke fitowa a hoto ƙura ce ko ƙwaro kusa da gilashin kyamara, hasken filasha ya doke su. Kunne da ido kuma an halicce su da saurin tsinto murya da fuska ko a inda babu su, musamman in an riga an faɗa wa mutum abin da zai ji.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a aikace. A 1997 Rense Lange da James Houran suka zaga da mutum 22 cikin wani gidan wasan kwaikwayo. Rabi aka ce musu akwai fatalwa, rabi aka ce gyara ake yi. Waɗanda aka tsorata su suka fi ba da rahoton abubuwan ban mamaki. Richard Wiseman na Jami'ar Hertfordshire ya kai ɗaruruwan mutane fadar Hampton Court a 2000, sannan ɗakunan ƙarƙashin gadar Edinburgh a 2001. Sakamakon ya zo da abin lura: mutane sun fi jin wani abu a wuraren da aka daɗe ana cewa da fatalwa, har da waɗanda ba su san sunan da wuraren suka yi ba. Da aka auna, sai aka ga abin na tafiya da yanayin wurin, kamar ƙarancin haske da girman ɗaki da sauyin maganaɗisu. Ma'ana, abin da mutane ke ji a jikinsu gaskiya ne, fassarar da ake yi masa ce abin dubawa.

Labarin injiniya Vic Tandy ya nuna yadda ake bin diddigi. Yana aiki da dare a wani ɗakin gwaji da ma'aikata ke ƙorafi a kansa, sai ya ji zufa mai sanyi da faɗuwar gaba, ya hango wani abu toka-toka a gefen idonsa. Da ya waiga, ba komai. Washegari ya zo da siririn takobinsa na wasa don ya gyara, ya ɗaure shi a jikin tebur, sai ya ga ƙarfen na kakkarwa shi kaɗai. Bincike ya kai shi ga wata sabuwar fanka mai zuƙe iska, wadda ke fitar da sauti mai kaɗawa 19 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da abin da kunne ke iya ji. Da aka gyara fankar, abin ya tsaya. Ya wallafa wannan a 1998. Gwajin da wani mai bincike, Chris French, ya yi daga baya a Landan bai sami tasirin irin wannan sauti ba, sai dai tasirin saurin yarda na mutum, don haka maganar ba ta rufu ba. Akwai kuma sanadin da ya fi haɗari. A 1921 wata mujallar likitocin ido a Amurka ta kawo labarin iyalin da suka yi ta jin takun ƙafa suna ganin mutane a bakin gadonsu, suna fama da ciwon kai da kasala, ashe murhun ɗumama gidan ne ke yoyon iskar guba mara launi mara wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Baƙon da ya kwana a tsohon otal ya farka ya kasa motsi yana jin an hau ƙirjinsa kuwa, dannau ne, kuma gajiyar tafiya da rikicewar barci suna ƙara yawansa.

Inda sana'ar ke da abin zargi na gaske shi ne yadda take wasa da tarihi. A San Jose da ke Kalifoniya ana nuna gidan Sarah Winchester mai ɗaki 160, ana cewa ta yi ta gini ne don ta ɓatar da kurwar waɗanda bindigar kamfanin mijinta ta kashe. Masu binciken rayuwarta ba su sami hujjar haka ba, kuma girgizar ƙasa ta 1906 da ta rusa saman ginin ta bayyana wasu daga cikin ƙofofi da matakalan da ba su kai ko'ina. An buɗe gidan ga masu kallo a 1923, watanni kaɗan bayan mutuwarta. Abin ya fi muni a gandayen bayi na kudancin Amurka. A gandun Myrtles da ke Louisiana ana ba da labarin wata baiwa, Chloe, wadda aka ce ubangijinta ya yanke mata kunne, ta sa guba a abinci ta kashe matarsa da 'ya'yansa, 'yan'uwanta bayi suka rataye ta. Babu sunanta a takardun gandun, kuma matar da yaran cutar shawara ce ta kashe su. An ƙirƙiri baiwa mai kisa don nishaɗin baƙi, an bar ainihin bayin da suka yi gumi a wurin ba wanda ke ambatonsu. Masaniyar tarihi Tiya Miles ta rubuta littafi a kan haka a 2015. Ko inda zaluncin ya tabbata, kamar gidan LaLaurie na New Orleans da gobarar 1834 ta tona asirin bayin da aka ɗaure ana azabtarwa, sai da marubutan baya suka ƙara wa labarin gishirin da bai buƙata. Wanda ya taɓa shiga kurkukun bayi na Cape Coast ko Elmina a Gana ya san ana iya nuna irin wannan wuri ba tare da almara ba: ɗan jagora ya faɗi abin da ya faru, baƙi su ajiye furanni, duhun ɗakin da ƙuncinsa su yi sauran bayani.

Akwai kuma haɗari na zahiri, wanda yawancinsa ya shafi masu shiga wuri ba izini. Tsofaffin gine-gine na da ruɓaɓɓen daɓe da rijiyoyi a buɗe. A watan Agustan 2010, a North Carolina, wasu mutane sun hau wata gadar jirgin ƙasa da tsakar dare suna jiran fatalwar jirgin da ya yi hatsari a wurin a 1891, sai jirgi na gaske ya taho, mutum ɗaya ya rasa ransa. A 2013 wasu da suka kutsa tsohon gidan gandun LeBeau a Louisiana da sunan neman fatalwa suka cinna masa wuta, gini mai shekara sama da 150 ya ƙone ƙurmus. Shi ya sa hukumomin da ke kula da irin waɗannan wurare suke da tsauri. Ana rufe filin yaƙin Gettysburg da dare, 'yan jagorar fatalwa a titunan garin suke yawonsu. A kufan Bhangarh da ke Rajasthan a Indiya, hukumar kula da kayan tarihi ta kafa allon hana shiga daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Masu yawo na ɗaukar allon a matsayin shaidar fatalwa, alhali kufan na bakin dajin da ake killace damisa da sauran namun dawa. Gidajen tarihin da ke karɓar masu kwanan farauta kuma sukan buƙaci a yi rajista tun da wuri, su iyakance yawan mutane, su keɓe ɗakunan da ba a shiga, sannan ma'aikacin gidan ya kwana tare da su har a buɗe ƙofa da safe.